Tashar Funtuwa a Besmen ɗin Dakta

Ayyuka da yawa sun shiga kaina sun fice, har da waɗanda suka bar mini ciwon bayan nan da kuke gani ina dafewa, amma ranar da muka kwashe gidan Dakta Haruna a Fort Washington ta ƙi mantuwa. Tunda ku sababbin ɗauka kuna ta tambayar abin da ya sa nake tsananta maganar sitika mai ruwan ɗorawa, har wasunku na kirana Baba Doka a bayan idona, kuma ina ji, don kunnena lafiya lau yake, to ku ajiye wayoyin nan ku matso.

Cikin 2013 ne, lokacin kamfanin nan namu na Sterling bai kai haka ba. Maigidanmu Alhaji Mumuni, Bahaushen Zangon Kumasi, shi ne mai kamfani, shi ne mai amsa waya, shi ne kuma mai faɗa. Ni ne foman, wato ni ke fita kiyasin kaya, ni ke jagorantar masu ɗauka ranar lodi. Yawancin aikinmu na mutanenmu ne masu komawa gida. Mutum ya yi shekaru a nan Amurka, ya yi ritaya, yana so kayansa su bi shi a kwantena ta tashar ruwa ta Baltimore zuwa Legas, daga can a hau titi da su zuwa Arewa.

Ga wanda bai san tsarin ba, zuwa biyu muke yi. Na farko na kiyasi ne: ka bi ɗaki-ɗaki da masu gida, ka ga abin da zai shiga kwantena, kana tafe kana manna sitika. Koriya na nufin a tafi da shi. Ja na nufin ya tsaya a gidan, ko na wanda ya sayi gidan ne ko na shara. Mai ruwan ɗorawa kuwa kyauta ce, za a ba wani a nan. Zuwa na biyu shi ne na lodi. In an yi kuskure a koriya ko ja, ana iya gyarawa ko da wahala. Amma kyauta in ta fita ta fita ke nan, don babu Bahaushen da zai bi mutum har gida ya ce dawo mini da abin da na ba ka. Shi ya sa Alhaji Mumuni ya kafa doka, cewa kayan da ke ɗauke da ruwan ɗorawa ba ya barin gida sai mai kayan, shi da kansa, ya faɗa a gaban foman cewa ya bayar. Miji ba ya faɗa wa matarsa, mata ba ta faɗa wa mijinta, ɗa ba ya faɗa wa ubansa.

Dakta Haruna likitan ƙashi ne, mutumin Funtuwa, dogo, mai furfura, magana ba ta dame shi ba. Duk Bahaushen da ke tsakanin Maryland da Virginia ya san shi, don in ɗanka ya karye a wajen ƙwallo shi kake fara kira tun kafin ka tuna da motar asibiti. A wurin suna ko ta'aziyya shi ake zaunarwa a gaba, in gardama ta yi zafi shi ake juyawa a kalla. Nakan tsokane shi da mai ɗorin Turawa, ya yi murmushi kawai. Uwargidansa Hajiya Bilki kuwa akasinsa ce, gajera, mai kuzari, ga baki ga dariya. Ranar kiyasi, farkon watan Yuni, ko zama ban gama yi ba ta karɓe naɗin sitikun daga hannuna, ta ce ita ta san gidanta, ni dai in bi ta da ido. Haka muka yi. Ita ce a gaba tana mannawa, ni a tsakiya ina awo, Dakta a baya, hannu a aljihu, kamar wanda ya zo ganin gidan haya.

Mun gama sama, mun gama gareji, sai ta buɗe wata ƙofa kusa da kicin ta ce saura besmen, wato ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa. Na sauka ina zaton tarkacen da na saba gani, tsofaffin akwatuna da keken motsa jiki da ba wanda ya taɓa hawa. Da ta kunna fitila sai na tsaya a kan matakala, na ce ikon Allah.

A tsakiyar ɗakin akwai tebur mai faɗin ƙyaure biyu, a kansa kuma tashar jirgin ƙasa ce sukutum, an gina ta da 'yan tubalan roban nan masu maƙalewa da juna, irin waɗanda in ka taka ɗaya ba takalmi sai ka kira sunan kakarka. Ga layin dogo ya miƙe, ga baƙin kan jirgi da taragansa, ga ofishin tikiti, ga tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, ga dilolin auduga farare an jera su suna jiran lodi. Sannan ga mutane, 'yan ƙananan mutanen roba, kowanne bai kai ɗan yatsana ba. Wata da ƙwarya a ka tana tallar fura, mai shayi da teburinsa a gindin darbejiya, 'yan dako sun sunkuya, har da akuya a ɗaure. An yi dabara an sa wa mazan huluna, matan kuma ɗankwali. Can ƙarshen layin dogo, nesa da kowa, wani ɗan mutum yana tsaye shi kaɗai da jar tuta a hannu.

Bangon ɗakin kuwa kantoci ne masu gilas, cike da irin waɗannan 'yan mutane sahu-sahu, 'yan kwana-kwana, 'yan sama-jannati, masu sulke, masunta, wasu ma ban san ko su wane ne ba. A ƙasa ga durowoyi, kowace da launin tubalin da ke cikinta. A sama ga kwalaye sababbi fil, ko salatif ɗinsu ba a ɓare ba.

Hajiya ta ɓallo sitika mai ruwan ɗorawa ta manna a gefen teburin, ta bi kantocin ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan duk kyauta ne," in ji ta. "Kayan wasan yara ne. Ko ba haka ba, Abban Nana?"

Dakta ya dubi ƙasa. "Na yara ne," ya ce.

To ni ba yau na fara shiga gidajen mutane ba. Yaran gidan nan na san su. Mazan sun yi gemu suna aiki a wasu jihohi, Nana autarsu ta yi aure tana Texas, jika ɗaya ke gare su, shi ma ko rarrafe bai fara ba. A gaban teburin kuma ga kujerar babban mutum duk ta lotsa, ga tabarau na karatu a ajiye, ga fitila mai lanƙwasa wuya, ga hantsaki irin na asibiti, ga dadduma a naɗe a lungu. Ƙura kuwa ko ta magani babu. Na yi awona na rubuta. Da muka hau sama Hajiya ta miƙo mini sitikuna, na ga naɗin koren ya ɗan rage fiye da yadda na zata, na ce a raina Mahamadu direbanmu ne ya sake ɗiba yana liƙe wa motarsa.

Dakta ya rako ni har bakin mota. Na buɗe ƙofa, na rufe, na kasa shiga.

"Ranka ya daɗe," na ce, "aikin hannun wa na gani a ƙasan nan? Don wanda ya yi tankin ruwan nan ba yaro ba ne."

Ya waiga ya dubi tagogin gidan, sannan ya jingina da motar. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta wannan rana ba. Ya ce tun wajen 2001 abin ya fara. Nana ta girma ta watsar da nata, shi kuma ya zo kwashewa ya zubar, sai ya zauna yana haɗa wata 'yar mota, kafin ya farga har an kira la'asar. Ya ce in ya fito daga tiyata mai tsawo kansa kan yi ta ƙara, ba abin da ke kwantar da ita sai ya zauna yana maƙala tubalan nan. Daga nan ya fara saye. In ya je kanti sai ya ce wa mai sayarwa na ɗansa ne, har yarinyar kantin ta fara tambayarsa ko wannan ɗa nasa ba ya girma ne. Waɗanda ba a samu a kanti yakan nemo su ta intanet ɗaya-ɗaya daga hannun wasu masu tarawa, a kai masa ofis don kada a gani a gida. Akuyar nan kaɗai, ya ce, sai da ya yi kusan shekara yana nemanta. Har taron masu wannan sha'awa da ake yi duk shekara a wani babban zaure kusa da filin jirgi ya sha zuwa, ya ja hula har gira don kada ya haɗu da wanda ya sani. A can ya ga lauyoyi da tsofaffin sojoji da kakanni mata, kowa ya baje nasa yana alfahari da shi, ba mai jin kunyar kowa.

Tashar kuwa ta garinsu ce, yadda ya san ta yana yaro. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, shi ke tsayawa a ƙarshen layi da tuta yana ba jirgi hannu. Hoto ɗaya na mahaifin ba su da shi, tashar ma yanzu ba haka take ba. Daga ƙwaƙwalwarsa ya ciro komai.

Na ce to me ya hana ya faɗa wa Hajiya, a canja sitika, magana ta ƙare?

"Isiyaku," ya ce, "a nan ni likita ne kawai. A Funtuwa dattijo zan zama. Za a zo gaisuwa, za a kawo mini rikicin gona da na aure. Sai a fita a ce tsohon ya dawo daga Amurka da 'yan tsana?" Ya ƙara da cewa shekara da shekaru yana gaya mata na yara ne, da wane baki zai juya yau. Abin da Hajiya ta ce shi za a yi.

Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Mutum ya ɗora ƙasusuwan rabin garin nan, amma ya kasa buɗe baki ya ce abu nasa ne. A hanya na kira Alhaji Mumuni na zayyana masa. Ya ce da Hausarsa ta Zango, mu kaya muke ɗauka, ba aure muke gyarawa ba, in bi doka kawai. Har zan kashe waya sai ya ce amma in tafi da katako da ƙusa ranar lodi, ba a san abin da Allah zai yi ba.

Ranar lodi Asabar ce, ƙarshen watan. Da safe muna sa katakon a mota, Mahamadu direbanmu, mutumin Maraɗi, yana ta ƙorafi. Wai bon, da Faransancinsu na can, shi bai gane ba, tun yaushe ake yi wa kayan kyauta akwati, kamiyo ɗinsa, wato motar, ya cika da itace kamar za mu gini. Na ce ya tuƙa kawai, ba a ɗauke shi aikin ganewa ba.

Mun tarar gidan ya fara cika. Kun san mutanenmu, ba a barin mutum ya tashi shi kaɗai. Maza sun baje a kan kafet tunda mun naɗe kujeru, mata suna kicin, ƙamshin masa da miyar taushe ya hana yarana aiki da hankali ɗaya. Cikin baƙin akwai Malam Sule, ɗan jaridar gidan rediyo, mai muryar da in ya yi sallama a ƙofa sai a ji a bayan gida. Yana kuma taimakawa a Islamiyyar ƙarshen mako, kuma shi Hajiya ta yi wa alkawarin kayan besmen. Ya zo da manyan robobi a bayan motarsa. Ya yi mini bayani da murna cewa za a wargaza komai a zuba a robobin, ranar hutun makaranta a ƙulla wa kowane yaro nasa a leda.

Muka yi ta lodi har bayan azahar. Dakta yana zaune cikin baƙi yana amsa addu'a, amma duk lokacin da na wuce da kwali sai na ga idonsa na kan ƙofar besmen. Da ya rage saura can kawai, na leƙa kicin, na samu Hajiya ita kaɗai tana juye miya a kula. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce anya ta duba kayan ƙasan nan da kyau kuwa, don ni a ganina ba su yi kama da abin da ake rabawa a leda ba.

Ta ajiye ludayi ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Malam Isiyaku, kai ma ka ɗauka ban sani ba? Wa kake zaton yana goge musu ƙura? In ya tafi asibiti ni ke sauka da burushin kwalliyata in bi su ɗaya-ɗaya. Mai furar nan sau nawa tana faɗuwa ina tayar da ita."

Na ce to, Hajiya, in haka ne me ya kawo ruwan ɗorawa?

Dariyar ta ɗauke. Ta ce in ta bari aka sa kayan a kwantena da sunan jikoki, to a Funtuwa ma a ɗakin ajiya zai kulle su, ya riƙa laɓaɓawa yana shiga kamar mai shan taba a ɓoye. A can kuwa babu besmen, gida cike yake da 'yan'uwa, ƙarshenta ya daina taɓawa gaba ɗaya, ya zauna yana amsa gaisuwa har ya tsufa da gaske. Ta ce ita ta ga fuskarsa in ya hauro daga ƙasan nan, ta kuma ga fuskarsa in ya dawo daga taro, ta san wacce take so ta zauna da ita. Mutum ya yi aiki shekara talatin, bai sha ba, bai yi caca ba, abu ɗaya tak da ke faranta masa rai kuma sai ya riƙa ɓoye mata kamar abin kunya. Ta gaji da yin kamar ba ta gani ba.

"In kuma bai faɗa ba fa?" na tambaye ta.

"Sai a raba," ta ce. Ta juya ta ci gaba da juye miyarta.

Na fito daga kicin. Na je na durƙusa kusa da Dakta na ce saura kayan kyauta na ƙasa, kuma doka ta ce sai ya sauko. Malam Sule ya miƙe da robobinsa. Sauran mazan da suka ji ana maganar ƙasa, su ma suka biyo baya don ganin ƙwaƙwaf, har da Alhaji Garba, wani tsohon injiniya ɗan Zariya mai dogara sanda. Hajiya ta tsaya a saman matakala.

Da aka kunna fitila surutu ya tsaya cak. Na gyara murya na yi abin da nake yi a kowane gida. Na ce dokar kamfani ce, kayan kyauta ba sa fita sai mai su ya faɗa da bakinsa, don haka ina tambaya, na wane ne waɗannan?

"Na yara ne," in ji Dakta, a hankali.

Na ce to sai a kira yaran a waya su faɗa. Daga sama Hajiya ta ce ai ta riga ta kira su. 'Ya'yan maza sun ce ba su san zancen ba, Nana kuwa ta amsa mata da Turancinta cewa nata tun tana firamare rabonta da su, a tambayi Dadi.

Malam Sule bai san dawan garin ba, shi dai sauri yake ya kama hanya kafin cunkoso. Ya ce ai magana ta ƙare, kayan da ba mai su sadaka ce, Allah ya ba da lada. Ya ajiye roba a gefen tebur, ya miƙa hannu ya tsinke abin da ya fi kusa da shi, wato ɗan mutumin nan mai jar tuta, ya jefa a ciki. Na ji ƙarar faɗuwarsa a gindin robar, ƙwas.

"Ciro shi, Sule."

Ba ihu ya yi ba, amma ban taɓa jin wannan murya a bakin Dakta ba. Malam Sule ya tsaya da hannu a sama. Dakta ya tako ya sunkuya da kansa, ya ciro ɗan mutumin, ya gyara masa tutar da ta karkace, ya mayar da shi daidai inda yake.

"Wannan Baba ne," ya ce. "Nan yake tsayawa." Ya ɗago ya dubi mutanen. "Ba na yara ba ne. Nawa ne, duk abin da ke ɗakin nan nawa ne. Ni na saya, ni na gina. Kuma ban bayar ba."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Iyakar abin da doka ta ce in faɗa ke nan.

Alhaji Garba ne ya fara motsawa. Ya matso da sandarsa, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa rufin ofishin tikiti, ya ce ashe Funtuwa ce. Ya ce yana ɗan makaranta ya sha sauka a nan in za shi wurin kawunsa, kuma mai shayin can ya taɓa korarsa. Sai dai tankin ruwan nan ba a wannan gefen yake ba, a hagu yake. Dakta ya ce a dama yake. Alhaji Garba ya ce shi da ya sha ruwansa ake gaya wa? Dakta ya ce shi kuma a gindinsa aka yi masa kaciya, saura kaɗan. Aka kwashe da dariya. Kafin ka ce me, dattawa sun kewaye tebur, wannan na nuna taragon da ya ce irinsa ya kai shi Ƙaura, wancan na tambayar inda aka samo akuya. Malam Sule kuwa bai bar tsokana ba, don ba halinsa ba ne. Ya ce lallai Dakta, ashe duk shekarun nan da muke cewa kana ƙasa kana nazarin littattafan likita, tallar fura kake kallo. Dakta ya yi dariya har da hawaye, ya ce eh, ita yake kallo.

Ina tsaye sai na ji an taɓa ni. Hajiya ce ta sauko. Ta kwance bakin zanenta ta ciro korayen sitiku a ninke, waɗanda na ɗora wa Mahamadu laifinsu. Ba ni ta miƙa wa ba, mijinta ta miƙa wa. Ya dube su, ya dube ta, ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Tun ranar da na taka 'yar tayar motar roba a bakin banɗaki, Nana tana aji shida." Shi ya bi ya manna su da hannunsa a kan masu ruwan ɗorawan. Da ya zo kan sababbin kwalayen sai ya sauko da rabinsu, ya ce waɗannan kam ya bayar, a kai wa yaran Islamiyya, don kada robobin Malam Sule su koma wayam. Ya faɗa a gabana, na ce na ji.

Naɗe tashar nan ya ci mana sauran yinin, kuma a nan na koyi aikin da har yau nake koya muku. Mahamadu ya kawo shawarar a bi ta da gam don kada ta warwatse a teku. Yadda Dakta ya dube shi, sai ka ce ya ce a zuba wa miya kananzir. Masu wannan sha'awa ba sa haɗa tubalinsu da gam, don daɗin abin shi ne a iya warwarewa a sake. Sai muka ɗauki hotonta ta kowane gefe, muka raba ta gida-gida bisa faya-fayan robar da aka gina ta a kai, muka naɗe kowane yanki da ledar abinci mai kama jiki, yadda in wani abu ya ɓalle zai tsaya a wurinsa. Dogayen abubuwa irin tanki da bishiya aka cire su daban. 'Yan mutanen kowanne da ƙaramar ledarsa. Sannan muka buga akwatin katako mai hawa-hawa, muka cusa soso a kowane saƙo, muka sa shi can ƙuryar kwantena inda ba abin da zai danne shi. Likitan ƙashi da dattawa uku suna miƙo mini salatif, Mahamadu yana ba su umarni. Na so a ce Alhaji Mumuni ya gani.

Bayan wata uku ko huɗu Hajiya ta turo mini hoto. Akwatin ya isa, darbejiya kawai ta karye, ita ma an ɗora ta. Tashar tana falon baƙi, ba ɗakin ajiya ba, an yi mata murfin gilas. Ta ce yaran unguwa kan zo kallo ranar Juma'a, hannu a baya, tsofaffin ma'aikatan reluwe kuma sun mai da falon majalisa. Wasu sun yi gulmar da ya ji tsoro, sun yi sun gaji. Rikicin gona da na aure kuwa ba a fasa kawo masa ba. Tankin dai an mayar da shi hagu, don tsofaffin sun goyi bayan Alhaji Garba.

To kun ji asalin tsananina. Mu a wannan sana'a muna shiga inda baƙo ba ya shiga, muna ganin abin da mutum bai nuna wa abokinsa na shekara ashirin ba. Mutanenmu kuma in abu ya fi soyuwa a ransu, shi suka fi saurin cewa ba komai ba ne, tarkace ne, na yara ne. Kunya ce, ba ƙarya ba. Don haka in kun ga ruwan ɗorawa kada ku yi sauri, kada kuma ku yanke wa kowa hukunci. Ku nemo mai kayan, ku tsaya a gabansa, ku tambaya, ku ba shi lokaci ya ji abin da bakinsa zai faɗa.

Abu ɗaya ne bai shiga kwantenar nan ba. Ranar da za su tashi ni na kai su filin jirgi, na taya su tura akwatuna har wurin awo. Dakta ya sa hannu a aljihun gaba zai ciro fasfo, sai ga ɗan mutumin nan mai jar tuta ya biyo fasfon ya faɗo a kan kanta. Ma'aikaciyar ta ɗauka tana murmushi, ta tambaye shi ko tsarabar jikansa ce. Bayanmu layi ne cike da 'yan Najeriya, kowa na ji. Na dubi Hajiya, Hajiya ta dubi silin.

"A'a," in ji Dakta. "Nawa ne."

Ya karɓa, ya gyara masa tuta, ya mayar da shi aljihu.